Ayabar Manzo da Jakar Abijan

Ni Ladi, shekara ashirin da uku ke nan ina sayar da ayaba a bakin tashar Tawa. Ayabarmu daga kudu take zuwa cikin kamiyo, babbar motar kaya, ta kwana uku a hanya, ta iso rabi ɗanya rabi ta dame, direba kuma ya rantse miki jiya-jiya aka yanko ta. Saboda haka in dai ayaba ce, na san ta. In na taɓa ɓawo da ɗan yatsa zan gaya miki ko ta sha ruwa ta ƙoshi, ko rana ta ƙone ta, ko uwarta ta wahala kafin ta haife ta. Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne a ɗora mini alƙalanci a kan ayabar da aka shuka a nan Adar, har zaman mutum a gidansa ya rataya a bakina.

Mutumin kuwa Manzo ne, taubashina. Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka bawana ne tun daga ciki, kuma duk abin da na faɗa a kansa a nan ba shi da wurin kai ƙara. A Barmu aka haife mu, wata bakwai tsakaninmu. Tun yana yaro dogon wuya gare shi da dogon buri. In an aike shi ɗebo ruwa sai ya tsaya bakin rijiya yana koya wa manya yadda ake jan guga, tulunsa na gefe babu ko ɗigo.

Yana da shekara ashirin ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abijan, kamar yadda samarin Adar ke yi in gero ya ƙare a rumbu tun damina ba ta ko yi shirin zuwa ba. Wansa Ɗahiru ya zauna riƙon gida da garka. Haka muka taso muka tarar, ɗaya ya zauna, sauran su tafi su riƙa aikowa. Shekara ashirin da bakwai Manzo ya yi yana wannan kai da kawo. Ya zo ya auri Rukaiya ya koma. Ya zo suna ya koma. Wani sunan ma bai samu zuwa ba, ta waya aka gaya masa an raɗa wa yarinya Shamsiya. 'Ya'yansa huɗu sun fi sanin jakarsa da shi, wata shuɗiyar jaka ce ƙatuwa mai zip biyu, domin ita suke tarya in ya sauko daga mota, ita kuma suke rakawa in zai tafi. Rukaiya ta taɓa ce mini duk duniya ba abin da ta ƙi jini kamar ƙarar zip ɗin nan. Ko tuwo take tuƙawa, in ta ji shi sai muciya ta tsaya a hannunta.

Shekara uku da suka wuce, bayan an gama girbin gero, sai ga Manzo ya sauka a tasha daidai gaban tirena. Masu dawowa daga Abijan kan zo da katifa, da rediyo, da fanon sola, wani ma har da babur. Shi shuɗiyar jakarsa ce a kafaɗa, sai wani jiƙaƙƙen buhu yana ɗiga, ya rungume shi a ƙirji.

Na ce, "Bawana, mi kak kawo muna? Kihi?"

Ya ce, "Arziki na, Ladi. Na dawo ke nan, ba ni komawa."

Ya durƙusa ya kwance buhun. Wasu dunƙula-dunƙulan saiwoyi ne guda huɗu, kowanne da ɗan toho a ka, uku manya, ɗaya ƙanƙane. Ya ce irin ayaba ne.

"Waɗanga ukku doguwa ta, tana kai soro tsawo. Shekara goma sha ɗaya ina palantasiyo, babbar gonar ayaba, ni da ayaba babu abin da ban sani ba. Wagga ƙaramar ko gyara ta anka ba ni. Gajera ta, ba ta wuce kan mutum. Amshi, ke tad dace da ke, tunda ke ma Allah bai ja ki ba."

Gajera ce ni, ban musa ba. Na karɓa don kada in ba shi daɗin ganin na yi fushi. To amma ɗakin haya nake a Tawa, ina zan kai ayaba? Ranar kasuwar Barmu na tafi da ita na jefa wa Rukaiya, na ce ga tsarabar mijinta. Ta juya ta sama da ƙasa, ta tona rami bayan makewayi, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwanciya a gindin katanga, ta tura ta ciki, ta shafe hannu a zane ta koma bakin tukunya.

Ɗahiru mutum ne da magana ke yi wa tsada. Manomin albasa ne, garkar gado tana hannunsa a kwari, da rijiya ɗaya da injin ban ruwa ɗaya mai tari. Garkar tana ciyar da gida ɗaya sosai, gida biyu kuwa da ƙyar. Da Manzo ya nemi a ba shi kusurwar bakin rijiya, wadda ita ce tsokar wurin, Ɗahiru ya daɗe yana kallon ƙasa. Ina wurin, na zo gaisuwa.

Can ya ce, "Na ba ka hal ruwan shuka na biyu. In ka kawo nono guda na ayaba wanda Ladi za ta aza bisa tirenta ba ta ji kunya ba, wurin naka na hal abada. In ba haka ba, albasa ta koma wurinta."

Bai ce Manzo ya koma Abijan ba. Ba sai ya ce ba. Kowa ya san namiji mai mata da 'ya'ya huɗu ba zai zauna a Barmu yana cin hannun wansa ba, in kusurwar ta kuɓuce, jaka zai ɗauka. Ni kuwa ba wanda ya tambaye ni ko ina son alƙalancin.

Manzo ya shuka dogayensa uku, taku ɗaya tsakaninsu. Na ce ba su yi kusa ba? Ya ce albasa ma haka ake jera ta, kuma baƙi ne, gara su riƙa ganin juna kada kewa ta kama su. Har suna ya raɗa musu: Hajiya, Gimbiya da Madam. Ruwa safe da yamma, taki kuwa har sai da ya fara bin garken mutane da kwando. In faɗi gaskiya, sun tashi. Barmu ba ta taɓa ganin ganye mai faɗin nan ba. Tsofaffi suka mai da inuwar majalisa. Makiyaya masu wucewa daga wajen Tebaram kan tsai da raƙuma su yi ta kallo, Manzo kuma ya fito da hannu a baya ya yi musu bayani da Hausa, ya ƙara da Faransanci ko sun ji ko ba su ji ba.

Wata na biyar 'ya'ya suka fara ɓullowa. Ga wanda bai sani ba, uwar ayaba sau ɗaya take fitar da nono a rayuwarta, daga nan ta gama aiki. Amma kafin nan takan fito da toho a gindinta, su ne 'ya'yanta masu gadonta. Manzo ya yi murna kamar shi aka yi wa haihuwar. Kullum da safe sai ya zagaya ya ƙirga su, Hajiya bakwai, Gimbiya tara, Madam goma sha ɗaya. Duk wanda ya gamu da shi a hanya ya ce ina gida, sai ya ba shi labarin Madam.

Ana haka sai Isma'ila malamin gona ya biyo ta garkar a kan babur. Mutum ne mai haƙuri, shekararsa goma yana yawo cikin manoman Adar, ya saba a yi masa gardama a kan abin da ya karanta. Ya zagaya dogayen sau biyu, ya duƙa ya leƙa gindi.

Ya ce, "Malam Manzo, sannu da aiki. Amma ɗiyan ga sun yi yawa. Uwa guda, ɗiya guda aka bari, in ta tasa a bar jika guda. Sauran a sa wuƙa a hidda su. In ba haka ba su ka shanye abincin uwa, nono shi hito ƙanana. Kuma doguwa ba ta wurinmu ba ta, iska gare mu. Gajera ta hi dacewa da mu, tana saurin haihuwa, kuma ba ta saurin hwaɗuwa."

Manzo ya miƙe wuyan nan nasa, ya kira shi Mushe, wato Malam da Faransanci. "A sa wuƙa? Mushe, kai ɗan ina na?"

"Ɗan Takanamat."

"To a Takanamat, in saniya ta haihi karsana, yanka ta kuka yi don uwa ta yi ƙiba? Ƙasar da in ɗan tsiro ya hito sai mun kewaye shi da ƙaya muna addu'a, nan za ka ce in sare kore da hannuna? Shekara goma sha ɗaya ina palantasiyo!"

Tsofaffin majalisa suka ce gaskiya ne. Isma'ila ya yi sallama ya hau baburinsa. Da aka kawo mini labari ni ma bayan Manzo na bi, domin a Adar ba a sare ɗanyen abu sai in an haukace.

Wata goma sha huɗu cif Madam ta ba da nono. Manzo ya yanke shi, ya rufe a ɗaki har ya nuna, ya naɗe shi cikin sabon zanen Rukaiya, ya ɗauko kabu-kabu tun daga Barmu har Tawa. Bai zo wurina kai tsaye ba. Sai da ya bi ya tara jama'a, mai shayi, da masu lodi, da 'yan kamasho, ya ce su zo su ga ayabar Adar ta farko. Sannan ya ajiye kayan gaban tirena ya yaye zanen.

Jama'a suka matso. Layi huɗu ne a jikin nonon, kowane sili bai wuce ɗan yatsana ba, ni da ba dogayen yatsu gare ni ba. Wata tsohuwa da ta zo jiran mota ta kutso kai ta duba, ta ce, "Wagga kuɓewa mi yas same ta tay yi ruwan ɗorawa?"

Masu lodi suka watse suna riƙe ciki. Na ɓalle sili ɗaya na ɓare. Ɓawon ya fi naman kauri, tsakiya da wani ƙulli mai tauri, zaƙin kuma sai an bi shi da nema. Manzo ya zuba wa bakina ido. Na daɗe ina taunawa, ba don tauri kaɗai ba. Wallahi so nake in ce ta yi. Amma ko na ce ta yi, Ɗahiru ba makaho ba ne, kuma shekara ashirin da uku mutanen Tawa na sayen ayabata ba tare da sun ɓare ba.

Na ce, "Bawana, wagga ba ta hawa tirena."

Ya yi dariya da ƙarfi, har ta fi ta masu lodi. "Haihuwal hwari ta! Ta biyu za ki gani." Ya naɗe kayansa ya tafi neman kabu-kabu. Tunda nake tsokanar Manzo ban taɓa cin nasara na ji ba daɗi ba sai ran nan.

Da bazara ta shigo sai ya tare a garka gaba ɗaya. Ya kafa bukka, gida sai ranar Juma'a, ya yi wanka a gurguje, ya ci abinci, ya koma. A lokacin 'ya'yan dogayen sun zama iyaye, su ma sun hayayyafa, wurin ya cushe har kaza ba ta iya ratsawa. Injin Ɗahiru na ta tari yana ba su ruwa, suna sha suna miƙewa sama, kowacce na neman rana a kan 'yar'uwarta. Sirara, dogaye, sai ganye. Ƙananan nonna biyar suka rataya can ƙololuwa inda sai an kafa tsani. Manzo ya ce mini a cikin biyar ɗin nan ba za a rasa na tire ba, ni dai in gyara wuri.

Sai ruwan shuka na biyu ya zo, ya kuma zo yadda ya saba zuwa mana, da iska a gaba. Bayan la'asar ne gabas ta haɗe. Iskar ta kwashe zanan mutane, ta yaye rumfunan kasuwa, sannan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari duka murna, gobe shuka. Dogayen Manzo kuwa ko ɗaya ba ta tsaya ba. Saboda cunkoso saiwoyinsu sun hau kan juna sun taso sama-sama, ga tsawo ga faɗin ganye, iska ta same su a sauƙaƙe. Nonnan biyar suka dagargaje a laka, ko rabin cika ba su yi ba.

Ina Barmu ran nan, na zo taya gida shuka. Da safe na sauka kwari. Na tarar da Manzo zaune a kan wata da ta faɗi, ƙafafu cikin taɓo. Ina tsaye Ɗahiru ya zo da sungumi a kafaɗa, ya dubi ɓarnar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Ruwan shuka ya sauka." Ya juya ya nufi gona. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, mu duka kuma mun gane.

Manzo ya ce, "Ladi, in gaya miki wata magana, kar ki kai ta tasha."

"Ka san za ni kai ta."

"Na sani." Ya tsinke wani ganye ya yar. "Ban taɓa noman ayaba ba. Shekara goma sha ɗaya ina palantasiyo gaskiya na, amma bakin ƙohwa nike, karto, kwalayen ayaba, nika lodawa cikin kamiyo. Ayaba a karto nas san ta. Gonar daga nesa nika hango ta."

Na yi dariya har ƙafata ta zame na zauna a laka. Da na samu numfashi na ce to da ya san bai sani ba, me ya hana shi jin maganar malamin gona?

"Na ji ta. Na ma san gaskiya garai. Sau biyu ina ɗauko wuƙa. In na duƙa na ga ɗan tohon manne da uwatai sai hannuna shi mutu. Ladi, ni ma haka anka hidda ni daga gindin uwa don gida shi samu abinci. Ran da Inna tar rasu karto nika lodawa. Ba ni iya yi ma wani abu haka, ko da icce na."

Na bar dariya. Na ji kunyar kaina, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin wannan ƙasa tamu da ba ta iya riƙe 'ya'yanta. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ce akwai mota ranar Asabar, bari ya je ya haɗa kaya.

Na bi shi gida. Rukaiya na zaune tsakar gida tana tsince irin gero cikin faifai. Ya wuce ta ya shiga ɗaki. Muna jin shi yana jan gado, yana buɗe akwati, yana ture kwanuka. Ya fito ya leƙa rumbu. Ya sake komawa ɗaki.

"Ke, ina jakata?"

"Wace jaka, Malam?"

"Jaka nawa gare ni?"

Ba ta ɗaga kai daga faifai ba. Ta ce, "Tana bayan makewayi, tana aiki."

Muka zagaya. Ga Gajera nan tsaye a gindin katanga, iskar jiya ko ganye ɗaya ba ta karya mata ba. Tsawonta kaɗan ya ɗara nawa, amma kaurin jikinta ya kai turmi. An naɗe ta da tsohuwar tabarma an kewaye da ƙaya, an tokare ta da wani icce mai baki biyu. A jikinta shuɗiyar jakar Abijan ce rataye, an yanke mata gindi ƙat, an zura ta a kan wani abu mai nauyi. Gefe guda jar akuyar Rukaiya na ɗaure a turke, tana tuƙa tana kallonmu.

Manzo ya fi shekara yana wuce wannan ayaba in zai shiga wanka, bai taɓa yi mata kallo biyu ba, tunda gyara ce. Ya matsa ya kama zip ya ja.

Na ga ayaba a rayuwata, amma sai da na ce sallallahu. Layi tara. Kowane sili ya cika ya yi ɓul-ɓul, ɓawo sumul babu tabon rana babu sarar tsuntsu, layin sama har ya fara juyawa ruwan ɗorawa. Na sa hannu ƙarƙashin nonon don in ji nauyi, ban iya ɗaga shi ba.

Manzo ya juya ga Rukaiya, wadda ta biyo mu da faifanta. "Mi kinka yi mata?"

"Ni? Ban yi mata komi ba. Akuyag ga ta ishe ni. Sau biyu tana cinye ta hal ƙasa shekaraf farko, shi yas sa nan naɗe ta. To ta bar uwar, ta koma ma ɗiya. Dut ɗan da yal leƙo sai ta gwaguye shi. Guda ɗai yat tsira, wancan na jikin katanga, igiya ba ta kai mai."

Muka duba. Ɗiya ɗaya tal, lafiyayya, ta kai ƙuguna.

"Taki hwa?"

"Wane taki? Nan nika zubda shara da toka da kashin akuya, tun kahin ka kawo ta. Da tah hidda nono kuma, akuya ta miƙe bisa ƙahwa biyu ta cinye jan kan nan da ka rataye ƙasa. Nac ce saura ayabar, ga rana kuma tana dukan ta. Sai nan nemi abin ruhewa." Ta dubi jakar, ta dube shi. "Na duba ɗaki dut, ban ga abin da ba ni so kamar jakag ga ba."

Daga baya da Isma'ila ya zo ya gani, ya ce duk abin da ke cikin takarda an yi shi a nan: irin da ya dace da iska, katanga ta kare, ruwa kullum kaɗan-kaɗan, gindi a rufe da shara, ɗiya ɗaya, har cire jan kan ma ana yi don ƙarfi ya koma wa 'ya'yan. Ya ce shekara goma yana wa'azi a Adar, wadda ta fara bin maganarsa ba gardama akuya ce. Sai da ya ɗauki hoto da ita.

Amma a ranar ba ta Isma'ila muke ba. Aka je gona aka kira Ɗahiru. Ya zo da taɓo har gwiwa, ya tsaya gaban Gajera. A layin sama akwai sili ɗaya da ya nuna sosai. Na ɓalle shi na ɓare. Ɓawo siriri, nama laushi har tsakiya, ƙamshi ya cika bayan makewayin nan da ba a san shi da ƙamshi ba. Ta kamiyo ɗanya ake yanko ta, ta nuna a hanya cikin wahala. Wannan a jikin uwarta ta cika, kuma bakina ya shaida.

Na ce, "Wagga gaban tire za ta zamna."

Na miƙa wa Ɗahiru rabin da ya rage. Ya riƙe bai ci ba.

Ya ce, "Ba bakin rijiya tat tashi ba."

Ya juya ga Manzo.

"Kuma ba kai kan noma ta ba."

Na san Manzo tun muna tsirara, na tabbata yanzu za a ji shekara goma sha ɗaya a palantasiyo. Sai ya sunkuyar da wuyan nan ya ce, "Gaskiya na, Yaya. Rukaiya ta da akuya. Ni tawa tana can kwance."

Ɗahiru ya jefa ayabar a baki. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya side ɗan yatsa.

"Wa yaɗ ɗauko ta daga Abijan?"

"Ni."

"To. Ni cewa nay yi ka kawo nono guda, ban ce wa za shi noma ba. Gobe ka kwashe dogayen can. Gajera za ka shuka, taku ukku tsakani. Akuya ba ta shiga garkata, kai za ka yi aikinta." Ya ɗauki sunguminsa, har ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Shekara ashirin da bakwai ni ɗai bakin rijiyag ga. Na gaji da hira da inji."

Tunda nake da Ɗahiru ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba. Rukaiya ta kifa faifai a fuska, irin geron da take tsincewa ya watse a ƙasa, akuya kuwa ta ja igiya ta hau ci.

Yanzu kusurwar bakin rijiya Gajera ce layi-layi, jikokin waccan ta bayan makewayi. An ɗage turken akuya, 'ya'ya suka samu fitowa, Manzo ya yi ta kai su kwari ɗaya-ɗaya. Ya koyi sa wuƙa, amma ta hanyarsa. Ba ya sare ɗiya ya yar. Tono ta yake a hankali da saiwarta, ya kai ta taku uku ya dasa, wai inda uwa za ta riƙa ganinta. Da kusurwar ta cika sai ya fara raba wa maƙwabta. Wani direba ya roƙi ɗaya zai kai Maraɗi, Manzo ya hana, ya ce ɗiyansa ba su zuwa biɗa. Har gobe in baƙo ya tambaye shi inda ya koyi noman ayaba yakan ce palantasiyo, sai in ina kusa, sannan ya yi tari ya sake zance. Duk sati yana kawo mini nono biyu ko uku, kafin azahar sun ƙare, mutane na tambaya ko akwai saura ta Barmu.

Sauran nonnan da tsofaffin buhunan taki yake rufe su. Na bayan makewayi kuwa har yau shuɗiyar jakar yake sha, ta koɗe, hannunta ɗaya ya tsinke. Watan jiya ina gidan da hantsi, Rukaiya na tuƙa tuwo, sai muka ji ƙarar zip daga bayan katanga. Yara suka zubar da abin da ke hannunsu suka ruga, domin sun san ayaba ta nuna. Na dubi hannun Rukaiya. Muciya ba ta tsaya ba.